Bin hanyar Gibb River da jif da kwana a tanti: amsa ga ɗalibin da ke shirin ratsa ƙasar shanu ta Kimberley

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Perth, a jihar Ostareliya ta Yamma. Mu huɗu ne, dukanmu 'yan Arewa, kuma mun yi shawarar haɗa kuɗi mu ɗauki hayar jif idan an ba da dogon hutu a watan Disamba, mu je Kimberley mu bi hanyar Gibb River muna kwana a tanti. Na iya tuƙi, na kuma saba da hanyoyin ƙauye tun a gida, amma babu wanda ya taɓa shiga irin wannan daji a cikinmu. Abin da ya fi damunmu shi ne kada, domin mun sha jin labarinsu. Shin tafiyar za ta yiwu ga baƙi irinmu? Wace mota za mu nema, me za mu ɗauka, kuma a ina aka yarda mutum ya kafa tanti?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Idan na fahimce ka, so kake ka ji ko mutanen da ba su taɓa tuƙi a dajin Ostareliya ba za su iya ratsa wannan hanya lafiya, da irin shirin da tafiyar ke bukata. Amsa ita ce za ta yiwu, domin dubban mutane suna yin ta kowace shekara, har da tsofaffi da masu ƙananan yara, amma ba a watan da kuka zaɓa ba. Haka kuma kada, wanda kuka sa a gaba, shi ne ya fi sauƙin kaucewa a cikin haɗurran wannan hanya. Abubuwan da suka fi kayar da matafiya su ne gudu, da fashewar taya, da ƙarancin ruwan sha, da kuma mantawa da cewa dajin da ake ratsawa wurin sana'ar wasu ne.

Yankin Kimberley yana can ƙuryar arewacin jiharku, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 420,000 da ɗoriya, wato ya kusa rabin Najeriya, alhali mazaunansa ba su kai 40,000 ba, yawancinsu kuma suna garuruwan Broome da Derby da Kununurra da Fitzroy Crossing da Halls Creek da Wyndham. Hanyar Gibb River ta ratsa tsakiyarsa, tsawonta kimanin kilomita 660, daga Derby a yamma zuwa inda ta haɗu da babban titi tsakanin Wyndham da Kununurra a gabas. Ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi ta ba. An share ta ne a shekarun 1960 domin manyan motoci su riƙa kwaso shanu daga gandun kiwo zuwa tashoshin jiragen ruwa na Derby da Wyndham, maimakon a yi ta koro su da ƙafa makonni. Har yau manyan motocin shanu suna bin ta. An sa kwalta a wani sashe na bakinta na yamma da kuma na gabas, amma tsakiyar tsakuwa ce da jar ƙasa da duwatsu masu kaifi da mashigan ruwa marasa gada. Na yi aikin lafiyar dabbobi a yankin, aikin da ya sa nake shiga gandun kiwon nan a kai a kai, saboda haka abin da zan gaya maka ya fi karkata ga yadda masu shanun suke kallon hanyar.

Disamba ba lokacinta ba ne

Shekarar Kimberley kashi biyu ce, damina daga Nuwamba zuwa Afrilu, rani daga Mayu zuwa Oktoba. Dogon hutunku ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da guguwar teku ke shigowa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogunan da mutum ke tsallakewa da ƙafa a watan Agusta su cika su batse su shafe hanya. Hukuma tana rufe hanyar a wannan lokaci, kuma wanda ya bi rufaffiyar hanya tara ce a kansa, inshorar motarsa kuma ba za ta biya komai ba. Wuraren kwana da gidajen mai na kan hanyar ma yawancinsu a kulle suke. Domin ka san girman abin, a watan Janairun 2023 ambaliyar da ragowar guguwar Ellie ta haddasa ta karya gadar kogin Fitzroy a Fitzroy Crossing, wadda ke kan babban titin kwalta, har gabashin Kimberley ya yanke daga yammacinsa, kuma sai a Disambar wannan shekarar aka buɗe sabuwar gada. Idan babban titi ya ga haka, ina ga hanyar ƙasa?

Lokacin da ya dace da ku shi ne hutun tsakiyar shekara, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A lokacin zafin rana yakan tsaya wajen digiri 30, kwazazzabai suna da ruwa, hanya kuma cike take da motoci, wanda hakan rahama ce ga sabon shiga, domin idan motarku ta lalace ba za a daɗe ba wani ya iso. Aibinsa shi ne cunkoso, saboda haka sai ku kama mota da wuraren kwana tun watanni kafin tafiya. Kada zafin rana ya ruɗe ku: a kan tuddan tsakiyar hanyar, wajen gandun kiwo na Mount Elizabeth, dare yana da sanyi mai shiga ƙashi, wani lokaci har ya kusa daskarar da ruwa, don haka bargo mai kauri da rigar sanyi suna cikin kayan dole. Daga ƙarshen Satumba kuwa zafi yakan haura digiri 40, ruwan kwazazzabai ya ja baya, kuma ba na ba baƙo shawarar wannan lokaci.

Daga Perth zuwa Broome ta mota ya haura kilomita 2,000. Da ni ne ku, jirgi zan hau zuwa Broome, tafiyar awa biyu da rabi, in ɗauki hayar mota a can, in shiga Derby wadda ke nesa da kimanin kilomita 220. Ku ware wa hanyar kanta aƙalla kwana goma. Kilomita 660 ɗin nan lissafin miƙaƙƙiyar hanya ne kawai, kuma duk abin da kuka je gani yana gefe, wani kilomita 30, wani 80, ta yadda kafin ku fita kun haura kilomita 1,000.

Mota da takardar haya

Jif na gaske kuke bukata, mai jan ƙafa huɗu, mai ƙaramar giya ta hawan dutse da shiga ruwa, mai tsayi daga ƙasa, kuma mai shan dizal, domin akwai wuraren da ba a samun fetur. Land Cruiser da Hilux da Patrol su ne motocin yankin, kuma duk bakaniken da ke wurin ya san cikinsu. Ƙananan jif na cikin gari, waɗanda siffarsu kaɗai ce ta daji, ba su da amfani a nan. Ya fi kyau motar ta kasance da bututun shaƙar iska wanda aka ɗaga zuwa saman gilashi, saboda ruwa da kuma ƙura.

Takardar hayar ta fi motar bukatar nazari. Kamfanoni da dama sun hana a bi hanyar Gibb River da motarsu, wasu sun yarda da ita amma sun hana hanyar Kalumburu da ke reshe zuwa arewa, wasu kuma sai da rubutaccen izini. Inshorar da suke bayarwa sau da yawa ba ta ɗaukar ɓarnar da ta shafi ƙarƙashin mota, ko shigar ruwa inji, ko kifewar mota ita kaɗai ba tare da karo da wata ba, ko buge dabba da dare, alhali waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke faruwa a wannan hanya. Kuɗin janyo mota daga tsakiyar daji kaɗai zai iya cinye abin da kuka tara na tafiyar baki ɗaya. Ku karanta takardar layi bayan layi, ku sa a rubuta sunan duk wanda zai taɓa sitiyari, ku tambayi ƙa'idarsu kan shekarun direba da kuma lasisin da aka yi a wata ƙasa. Ka ce ka saba da hanyoyin ƙauye, kuma hakan zai taimake ka, sai dai ka tuna a gida dama ake bi, nan kuwa hagu. A cikin gari layin titi da sauran motoci suna tuna maka. A daji babu layi, kuma idan mota ta ɓullo kwatsam a kwana, hannu yakan koma ga abin da ya saba.

Taya, gudu da ƙura

A nan zan daɗe, domin nan ne tafiya take gyaruwa ko ta ɓaci. Hanyar tana da gargada, irin ƙananan kunyoyin nan da tayoyi ke tayarwa a jere a kan tsakuwa, kuma yawanta ya danganta da yaushe motar gyaran hanya ta wuce. Idan ka tafi a hankali ƙwarai, motar za ta yi ta karkarwa kamar za ta warwatse. Idan ka ƙara gudu sai ka ji ta lafa, kuma a nan tarkon yake, domin lafawar tana nufin tayoyin suna tsallake kunyoyin ne, rabin lokaci ba sa taɓa ƙasa. Motar da tayarta ba ta kama ƙasa ba kuwa, birki da sitiyari ba su da iko a kanta. Kusan duk jif ɗin da na gani a kife a gefen wannan hanya labarinsu ɗaya ne: gudu a kan gargada, sai kwana ko saniya ta bayyana, direba ya taka birki ya murɗa sitiyari, bayan motar ya juyo gaba. Jif mai tanti a rufinsa da jarkoki a samansa ya fi kowa saurin kifewa, saboda nauyinsa yana sama.

Abin da nake yi shi ne, da zarar kwalta ta ƙare sai in tsaya in rage iskar tayoyi zuwa tsakanin 26 da 30 a ma'aunin psi, gwargwadon nauyin kaya, in sa motar a ƙafa huɗu, kuma ba na wuce kilomita 80 a awa ko da hanya ta yi kyau, sau da yawa ma 60 nake tafiya. Taya mai taushi tana lanƙwasa a kan dutse maimakon dutsen ya huda ta, tana kuma rage wa shokazoba wahala. Sharaɗinta shi ne rashin gudu, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi, kuma idan aka koma kwalta dole a mayar da iskar. Wannan ya sa famfon iska mai aiki da batirin mota da ma'aunin iska ba kayan ado ba ne. Ku nemi safaya biyu, da kayan faci, da jak mai kyau, da guntun katako mai faɗi da za a ɗora jak ɗin a kai idan ƙasa ta yi laushi. Kafin ku bar Broome ku cire taya ɗaya ku mayar a harabar kamfanin, domin ku tabbatar kowane ƙarfe yana nan kuma kun san inda yake. Akwai masu faci a wasu wurare a kan hanyar, amma tsakaninsu da nisa, kuɗinsu kuma na daji ne. Kowace safiya ku zagaya motar, ku duba tayoyi da notuna da ruwan lagireto da man inji, ku leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya kwance, domin gargada tana kwance duk abin da aka ɗaure.

Za ku haɗu da motocin shanu, kan mota ɗaya yana jan tireloli uku, tsawonsu ya haura mita 50. Direban irin wannan mota ba ya iya tsayawa nan take, ba kuma zai sauka daga tsakiyar hanya saboda ku ba. Idan kun hango ƙurarsa ku rage gudu, ku koma gefe, ku tsaya cak idan ta kama, har ƙurar ta kwanta. Kada ku taɓa yunƙurin wuce mota a cikin ƙura, domin ba ka ganin abin da ke tafe. Fitila a kunne take ko da rana. Idan motar tana da rediyon oba-oba, tasha ta 40 ita ce ta direbobin manyan motoci, kuma idan ka yi musu magana da ladabi za su gaya maka lokacin da hanya ta buɗe.

Mafi yawan hanyar babu shinge, shanu kuma suna son kwanciya a kanta da dare saboda ɗumin ƙasa. Ƙananan dangin kangaru suna fitowa da almuru da asuba. A watan Yuni rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar na yamma a gabashin Kimberley, saboda haka ƙa'idata ita ce a isa masauki kafin ƙarfe huɗu. Bijimi baƙi a kan hanya mai duhu ba a ganinsa sai an zo kansa.

Mai kuma lissafi yake so. Daga Derby zuwa Mount Barnett, inda ake da tabbacin mai a tsakiyar hanya, kimanin kilomita 300 ne, daga nan zuwa masaukin baƙi na El Questro, kusa da ƙarshenta na gabas, kuma ya haura 300. Mota tana shan mai fiye da yadda ta saba a kan irin wannan ƙasa. Duk inda kuka ga famfo ku cika tanki, ko da rabi kawai kuka sha.

Koguna da kadoji

Kada iri biyu ne a Kimberley. Akwai na ruwan daɗi, mai siririn baki, wanda da wuya ya wuce mita uku, kuma ba ya neman mutum sai an taka shi ko an matsa masa. Za ku gan su birjik suna shan hantsi a kan yashi a kwazazzabon Windjana. Sai kuma na bakin teku, mai faɗin baki, wanda namijinsa kan kai mita biyar har ya wuce, shi kuwa farautar mutum yake yi. An hana kashe su tun farkon shekarun 1970, sun kuma yawaita, suna haurawa cikin koguna nesa da teku, saboda haka ɗanɗanon ruwa ba hujja ba ce. Dokar mai sauƙi ce: ba a wanka sai inda ma'aikatan gandun daji ko masu wurin suka ce a yi, kamar kwazazzaban Bell da Manning, kuma ko a nan sai an tambaya a wannan ranar. Ba a alwala ko wanke kwanuka a bakin kogi, ba a komawa wuri ɗaya ɗibar ruwa kullum domin kada yana lura da al'adar abin da yake fako, ba a zubar da ragowar kifi ko nama kusa da ruwa, tanti kuma a nisanta shi da gaɓa aƙalla mita 50. Wanda ya kiyaye wannan ya gama da maganar kada.

Inda maganar ta haɗu da tuƙi shi ne mashigin kogin Pentecost, kusa da gandun Home Valley, a gindin duwatsun Cockburn. A ƙa'idar tsallake ruwa da mota, mutum yakan fara shiga da ƙafa ya auna zurfi. A kogunan Pentecost da Durack ba a yin haka, domin akwai manyan kadoji. Sai ku tsaya a gaɓa ku kalli wasu motoci sun wuce, ku ga inda ruwa ya kai musu da layin da suka bi, hakan kuma zai ba ƙarafan motarku damar hucewa kafin su shiga ruwan sanyi. Sannan a sa ƙaramar giya, lamba biyu, a sauke gilasai, a shiga a hankali da gudu ɗaya, ba canja giya, ba tsayawa a tsakiya. Ƙasan mashigin duwatsu ne, motar za ta yi ta tangaɗi, wannan ba komai ba ne. Idan injin ya mutu a cikin ruwa mai zurfi kada a sake tayar da shi, a nemi wanda zai ja. Bayan an fita a ɗan taka birki sau da yawa domin ya bushe. A watan Yuli ruwan yawanci ya yi ƙasa, amma a farkon rani yakan kai inda sabon direba bai kamata ya gwada ba.

Ƙasar tana da masu ita

Idan ka tsaya a tsakiyar Kimberley ka duba gabas da yamma ba ka ga gida ko mutum ba, sai itatuwan kuka, domin akwai wata 'yar'uwar kukarmu da ke tsirowa a yankin, sai ka ɗauka dajin Allah ne kawai. Ba haka ba ne. Kusan kowane taku na wannan ƙasa ko dai gandun kiwo ne da wani ya karɓa haya daga gwamnati, ko gandun daji na hukuma, ko ƙasar 'yan asalin Ostareliya. Gandu ɗaya yakan kai eka dubu ɗari-ɗari. Turawa sun shigo da shanu yankin a shekarun 1880, iyalan Durack alal misali sun koro garkensu daga jihar Queensland, tafiyar da ta ɗauke su daga 1883 zuwa 1885. Shigowar ba ta zo da lalama ba. A Windjana da kogon Tunnel Creek za ku ji labarin Jandamarra, mutumin ƙabilar Bunuba wanda ya yi wa 'yan sanda aikin bin sawu, daga baya ya juya ya yaƙi masu mamaye ƙasarsu daga 1894 har aka kashe shi a 1897. Shekaru da dama bayan haka 'yan asalin ƙasar ne suka riƙe aikin kiwon nan, ana biyansu da gari da shayi da taba, kuma da aka wajabta biyansu cikakken albashi a 1968, da yawa daga cikinsu korarsu aka yi daga gandun da aka haife su. Yau wasu gandun sun koma hannunsu, gidan man Mount Barnett da sansanin Manning ma na al'ummar Kupungarri ne. Idan kun ga zanen Wandjina, wato ruhohin da 'yan asalin ƙasar ke girmamawa, a jikin dutse, ba a taɓa shi, kuma inda aka rubuta ba a shiga, ba a shiga.

Saboda haka amsar tambayarka kan tanti ita ce, a sansanonin da aka keɓe kawai: na hukumar gandun daji, kamar Windjana da Silent Grove kusa da Bell, da na gandun kiwo masu karɓar baƙi, kamar Mount Elizabeth da Ellenbrae, da kuma masaukin El Questro. Ana biya, ana kuma samun ruwa da bayi. Ratsewa daga hanya a bi wata 'yar siririyar turba don neman wurin da babu kowa shiga gonar mutane ne ba izini, kuma idan kun lalace a can babu wanda zai bi ta kanku.

Akwai ladubba biyu da masu shanu ba sa yafe wa wanda ya karya su. Na farko shi ne ƙofar shinge: yadda ka same ta haka za ka bar ta. Idan a rufe take, wataƙila ita ce ta raba maruƙan da aka yaye da iyayensu, ko bijimai da karsana, kuma tattara shanun nan da jirgi mai saukar ungulu ake yi, da babura da dawakai, aikin makonni da kuɗi masu yawa, wanda ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe za ta rushe shi cikin dare ɗaya. Idan kuma a buɗe take, kada kirki ya sa ka rufe, domin mai yiwuwa ita ce hanyar garke zuwa ruwa. Na biyu shi ne mashaya. Baƙo yakan ga rijiyar burtsatse da komin ruwa da inuwa, sai ya ce ya sami wurin kwana. Shanun yankin, waɗanda yawancinsu jinsin Brahman ne masu tozo, rabinsu namun daji ne, domin sau ɗaya ko biyu a shekara suke ganin mutum a kusa. Da yamma suke zuwa shan ruwa, kuma idan suka ji warin mutane da hayaƙi sai su tsaya nesa su kwana da ƙishi, alhali saniya ɗaya tana bukatar lita 40 ko fiye a rana. Na ga shanun da suka rame a kusa da cikakkiyar mashaya saboda masu tanti sun zaune ta kwanaki. Haka nan ba a wanka ko wanki da sabulu a komin. Ragowar nama da shara kuma a tafi da su, kada a binne, domin aladun daji suna tonewa, kuma Ostareliya, ƙasar da ta tsira daga ciwon baki da kofato tun 1872, ba ta wasa da abin da dabba ke ci. Wuta kuwa a murhun da aka tanada kaɗai ake hura ta, a kashe ta da ruwa, ciyawar rani a can ba ta jiran ashana ta biyu.

Ruwan sha, saƙo da ibada

Ku lissafa aƙalla lita biyar na sha ga kowane mutum a rana, ban da girki da alwala, ku ƙara na kwana uku wanda ba a taɓawa sai an shiga matsala, ku kuma raba shi a jarkoki da yawa domin idan ɗaya ta fashe kada ku rasa duka. Wayar salula ba ta aiki a mafi yawan hanyar. Ku yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, ko ku riƙe 'yar na'urar neman agaji wadda idan aka danna take aika wurin da mutum yake ga hukumar ceto, lambar gaggawa kuma 000 ce. Ƙungiyar likitocin jirgin sama, Royal Flying Doctor Service, wadda John Flynn ya kafa a 1928, tana sauka a filayen gandun kiwo ta ɗauki majinyaci, amma sai an kira ta, kuma sai kun isa inda jirgi zai iya sauka. Ku bar wa wani a Perth tsarin tafiyarku da ranar da idan bai ji daga gare ku ba zai sanar da 'yan sanda. Idan mota ta mutu, a zauna tare da ita a inuwa. Daga sama ana hango mota, ba a hango mai tafiya a ƙasa, kuma waɗanda ƙishi ya kashe a dajin Ostareliya yawancinsu motarsu aka fara samu.

Ku sa rufaffen takalmi, ku riƙe tocila da dare saboda macizai. Idan maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a wankewa. Ana naɗe ƙafar ko hannun duka da bandeji mai ƙarfi, a ɗaure da sanda, a hana mutumin motsi, a kira agaji. Ni ba likitan mutane ba ne, saboda haka ina ba ku shawara ɗayanku ya halarci horon taimakon gaggawa na yini ɗaya kafin tafiya.

Alƙibla daga Kimberley tana yamma ne, an ɗan karkata arewa, don haka ku riƙe kamfas kada sabo ya juya ku gabas. Naman halal ku tanade shi tun daga gari, ku haɗa da shinkafa da taliya da kifin gwangwani da dabino. Hukuncin ƙasaru da taimama ku tambayi malaminku, ba fagena ba ne. Idan kun ƙarasa Wyndham, akwai maƙabartar Musulmi masu raƙuma, waɗanda ake kira 'yan Afganistan, da suka riƙa kai kaya gandun kiwon nan kafin zuwan mota, ku tsaya ku yi musu addu'a.

Yanayin hanya da farashi da wuraren da ke buɗe suna sauyawa kowace shekara, wani lokaci kowane mako, saboda haka bayanina ba zai maye gurbin sanarwar hukumar hanyoyi ta jihar, Main Roads Western Australia, da ofisoshin baƙi na Derby da Kununurra ba, kuma ku duba su a safiyar da za ku tashi. Za a kwaɗaita muku hawa hanyar Kalumburu zuwa magangarar ruwa ta Mitchell. Wurin ya cancanci gani, amma hanyar ta fi Gibb River muni nesa ba kusa ba, bayan gandun Drysdale River babu mai sai an yi dogon lissafi, ana bukatar takardar izini ta mutanen Wunambal Gaambera, kuma kamfanonin haya da yawa sun hana. Da mota ɗaya da direbobin da wannan ne karonsu na farko, ku bar ta sai wata shekarar da kuka sami mota ta biyu da za ku jera tare.